Akuyar Kirsimetin Madam Esta

Janareta ta yi tari ta mutu, maigadi ya tofa yawu a tafin hannu ya sake jan igiyar. Madam Esta tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin taro rungume da tsohuwar na'urar faifai, 'yan aji biyar kuwa sun cika bencina da hayaniya, don a makon ƙarshe na zango babu ɗalibin da ke tsoron malami. A daidai nan wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ba sai ta duba ba. Jennifer ce daga Jos, 'yarta ɗaya tilo, kuma maganar ba ta canzawa.

Jennifer ta ce ta gyara mata ɗaki, ta rataya labule, har bargo ta saya saboda sanyin Jos. Ta ce tunda ritaya ta ƙarato, ta taho Kirsimeti da kayanta gaba ɗaya, babu zancen komawa. Mace mai hawan jini ba ta kwana a gida ita kaɗai.

"Mama, ki gaya mini gaskiya, wa kike da shi a Jalingo yanzu?"

"Ina da gidan Baban Zaid," in ji Madam Esta. "Bari zan kira ki, ina aji."

Amsar ke nan kullum, kuma ba ta da wata. Baban Zaid shi ne Suleiman, Bafulatani, tsohon malamin gona. Fiye da shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nasu a Sarkin Dawaki. Shi da marigayi mijinta Tobiya, malamin wasanni, tare suka buga ƙwallo tun suna samari, Tobiya a raga, Suleiman a gaba, kuma har furfura ta fito musu ba su gama gardamar wanda ya jawo aka ci su a wani wasa a Wukari ba. Duk jajiberin Kirsimeti Suleiman ne ke shigowa da wuƙarsa a naɗe cikin tsohuwar jarida ya yanka musu akuya, yadda Kiristoci da yawa suke yi a gari don maƙwabtansu Musulmi su ci da zuciya ɗaya. Idan Sallah ta zo kuma, cinyar ragon layya ce ke tsallako katanga.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Tobiya. Mai gidan da suke haya ya sayar da gidansa, ita kuma ta samu ɗaki biyu kusa da cocinsu a wajen Kachalla Sembe. Da Kirsimetin farko ya zo ta ɗauki waya za ta kira Suleiman, kunya ta riƙe mata hannu. Matar mamaci ta kira mijin wata gidanta, a sabuwar unguwar da idon kowa ke kan ƙofarta? Sannan ta ɗora wa dattijo wahalar ratsa gari? Sai ta bar akuyar a hannun Yuguda mahauci a kasuwa, Musulmin da ba ya wasa da sallah, ya yanka ya gyara. Ta dafa shinkafa da miyar nama, ta cika babbar kula, ta ba mai keke ya kai. Kular ta dawo a wanke tas da gyaɗa a ciki, haka kuma ake yi duk shekara. Zuwa da ƙafa kuwa, kullum sai wani mako. Gaskiyar magana ba ta son ganin ƙofar tsohon gidansu da fentin wani.

Amma ai tana jin labarinsu. Zulai, autar Suleiman, a ajinta take. Kusan kowace safiya sai ta tambaye ta yaya Baba, yaya Mama, yarinyar ta rusuna ta ce, "Lafiya lau, Ma, suna gaishe ki."

Janareta ta kama, yara suka yi tafi kamar an ci ƙwallo.

Faifan na Tobiya ne, 'yan tserensa yake nuna wa. Bayan rasuwarsa ta ɗauko shi zuwa darasin tarihi, don ta daɗe da lura cewa in ka cika allo da shekaru yara barci suke yi, amma in mutum yana gudu a talabijin har 'yan bencin baya sai sun miƙe wuya. Kafin ta kunna ta yi musu shimfiɗa. Ta ce a Amurka an hana bauta, amma doka ta ci gaba da raba baƙi da fari: makaranta daban, famfon shan ruwa daban, kujerar baƙi a bayan bas, har sai da kotu ta ce a haɗe makarantu, aka yi ta ɗauki ba daɗi. Fim ɗin labarin wani ƙaramin gari ne da aka haɗe makarantunsa biyu, malamin wasanni ya rasa yadda zai yi, dole ya kafa 'yan gudun miƙa sanda da farare biyu da baƙaƙe biyu.

Turancin fim ɗin ta hanci yake fita, ko 'yan gaban aji ba sa kama shi. Saboda haka Madam Esta rage sautin fim ɗin take yi ta tsaya gefen talabijin tana fassarawa da Hausa, tana canza maƙogwaro, yanzu ita ce tsohon malami mai faɗa, an jima ita ce yaro mai taurin kai. Wanda ya san ta a ofis, mace mai shiru da ke cin abincinta ita kaɗai a lungu, ba zai ce ita ba ce. Sau ɗaya a shekara take yin surutu haka.

Aka zo inda yaron fari ya ƙi karɓar sanda daga hannun baƙi, ya bar ta ta faɗi a ƙasa. Ta yi muryar malamin yana gaya musu cewa mai karɓar sanda ba ya waiwaye, hannu yake miƙawa baya ya ci gaba da gudu, ya yarda ɗan'uwansa zai sa masa. Kullum da kalmomin Tobiya take fassara wurin nan. Yara suka bi labarin har yaran biyu suka fara shiri, har na farin ya kai abokinsa gida bayan atisaye. Uwar ta yi murmushi, ta ba baƙon ruwa. Yana fita ta sa tsumma ta ɗauki kofin ta jefa a kwandon shara, shi kuwa ya dawo ɗaukar takalminsa, ya gani ta taga.

A nan take tsayar da faifan duk shekara.

"Ma, wannan mata mugu ne," in ji David daga bencin baya, da gurguwar Hausarsa. "Ya yi masa dariya, kuma ya jefa kofi."

Aji ya goya masa baya, aka yi wa Baturiya wankin babban bargo. Madam Esta ta bar su suka huce, sannan ta kawo zancen gida. Ta gaya musu yadda Turawan mulki suka ware wa kansu unguwa da kulob a garuruwan ƙasar nan, ɗan ƙasa ba ya shiga sai in shara ko girki ya kai shi, da yadda aka riƙa ware wa baƙin gari nasu wajen zama. Daga nan ta yi tambayar da ta saba, ta ce to mu fa, yau, akwai irin kofin nan a gidajenmu? A sauran shekaru shiru ake yi, kowa ya kama kallon silin, ita ta ba kanta amsa a ci gaba.

Bana Simeon ya ɗaga hannu. Ya ce a gidansu in an kawo naman Sallah mamarsu tana karɓa ta yi godiya su ci, amma ƙanen babansu ba ya yarda a sa masa a tukunya. Gunaguni ya tashi a wani gefen ɗakin, wani ya ce kun ji ko, wani daga ɗaya gefen ya ce ai ku ma haka ne. Sai Zulai ta miƙe. Yarinya ce mai son raba faɗa, irin waɗanda bakinsu ke riga tunaninsu in sun ga za a ɓata.

"Ma, wannan daban ne da na fim, ba ƙyama ba ne. Kamar abincin da kike aiko mana, ai hannu biyu Mama take karɓa. Kawai tunda ba Baba ya yanka ba, ba mu san wa ya yanka ba, sai a kai wa Maman Joseph na bayan layi, ita tana ci. Amma kular ni nake wankewa, har da..."

Ta tsaya. Ta ji abin da ta faɗa bayan kowa ya riga ya ji.

"Na gode, Zulai. Zauna," in ji Madam Esta, ta danna faifan.

Ta ci gaba da fassara, amma muryoyin duk sun koma ɗaya. Da aka zo tseren ƙarshe ma ta yi shiru gaba ɗaya, yara ba su damu ba, gudu ba ya buƙatar tafinta. Sanda ta bi hannu huɗu ba ta faɗi ba, ɗakin ya kaure da ihu, ita kuwa idonta na kan talabijin ba ta ga komai ba. Kularta take gani, mai keke yana sauke ta a ƙofar Suleiman, tana shiga ta gaba tana fita ta baya.

Da aka watse ta tarar da Zulai a bakin ƙofa, ido ya yi ja. Ta ce mata ba ta yi laifi ba, ta daina kuka. Abu ɗaya ta tambaya, me ya hana su aiko su ji wa ya yanka. Zulai ta ce Baba ya hana, ya ce ba a yi wa mai kyauta tambaya. Ta ce a shekarar farko ya wasa wuƙarsa tun da safe, ya sa riga ya zauna a ƙofar gida da waya a hannu har aka kira azahar. Daga ranar bai sake wasa ta don Kirsimeti ba.

"Yanzu yaya yake?"

"Lafiya lau, Ma," in ji Zulai, tana kallon takalminta.

A ofishin malamai ana ta rabon shinkafar ƙarshen zango ana shewa, Madam Esta ta zauna a lungunta. Haushi ne ya fara zuwa. Saliha, matar Suleiman, wadda ta yi mata wankan jego da hannunta, ita ce za ta karɓi abincinta da murmushi ta miƙa bayan layi? Amma haushin bai samu wurin zama ba. Kalma huɗu da ta ba mai keke, Yuguda ne ya yanka, da sun isa. Ba ta taɓa tunanin faɗa ba, don a ranta abin a fili yake, yaya za a yi matar Tobiya ta aika musu abin da ba za su ci ba? Su kuma a nasu ran a fili yake, ta koma cikin 'yan cocinta ta daina kira, me ya rage a tambaya? Kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri har aka rasa juna. Kaɗaici ya danne ta yadda bai taɓa yi ba tun ranar da aka binne Tobiya. Ashe duk shekarun nan da take ce wa Jennifer tana da mutane, kula take nufi, da gyaɗa a ciki.

Ta duba wayarta. In ta kira Jos yanzu ta ce ga ta nan tafe, kafin magariba Jennifer ta gama shirya mota. Ta mayar da wayar jaka, ta bar kason shinkafarta a kan tebur ta fita.

Rana ta take sosai da ta isa Kasuwar Jalingo. Yuguda yana kan katakonsa yana korar ƙudaje, ya gan ta ya yi mamaki, ya ce Madam bana da wuri haka, ai da saura. Ta ce ya raka ta wajen masu awaki. Ya nuna mata wata ƙosasshiya, ita ta kafe a kan wata ja mai dogayen ƙafafu don kawai ta tsaya shiru tana kallonta. Yuguda ya taɓa bayanta ya taɓe baki, amma ya yi ciniki, ya ja ta zai nufi mayanka.

"Kar ka yanka. Ba ni igiyar."

"Madam, na yi wani laifi ne?"

Ta ce bai yi komai ba, mai aikin ne ya daɗe bai yi aikinsa ba.

Mai keke na farko ya ƙi ɗaukarsu, ya ce jiya ya wanke kekensa. Na biyu ya yarda, amma ya yi mita tun daga kasuwa har Sarkin Dawaki, akuya tana amsa masa. Madam Esta ta riƙe igiya da hannu biyu tana kallon titunan da ta sani. Tsohon gidansu ya zama shago, an fasa bangon ɗakinsu an sa ƙofar ƙarfe shuɗiya, wani saurayi yana sayar da katin waya a daidai inda gadonsu yake a da. Ta kalla sau ɗaya. Bai yi mata zafin da ta yi shekaru tana gudu ba, abin da ke gaba ne ya yi.

Suleiman yana zaune a kujerar roba ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Gefen bakinsa ya ɗan karkace, hannunsa na dama yana kwance a kan cinya, yatsun a lanƙwashe, sanda kuma a jingine da bango.

Ta tsaya da akuya a gefenta, gaisuwar da ta shirya a keke ta gudu. Da kyar ta yi masa ta Fulatanci, yadda Tobiya ke tsokanarsa.

"Jam na, Baban Zaid?"

"Jam, Maman Jennifer." Maganar a hankali take fita, kamar yana ɗauko ta daga nesa. "Kin tuna hanya?"

Saliha ta ji murya ta fito da ludayi a hannu, ta rungume ta tun kafin ta ajiye. A tsaye ta ba ta labari. Tun daminar bara ya faɗi a gona, ya yi makonni a asibiti, ƙafar ta ɗan dawo, hannun ya ƙi. Madam Esta ta ce tun bara, kuma kullum tana tambayar Zulai? Saliha ta ce to me yarinya za ta ce, an gaishe ta ta amsa. Ta ce sun so su aiko, Malam ya ce a bar ta, tana da nata nauyin, kar ta ga kamar roƙo ne.

Sai Madam Esta ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ado ba kwana. Ta ce duk akuyar da ta aiko musu da namanta, Yuguda na kasuwa ne ya yanka.

Saliha ta rufe baki da hannu ta yi salati. Ta kalli mijinta, ta kalli ƙasa, can ta ce ashe Maman Joseph ce ta yi sa'a, shi ya sa duk Disamba take yawan leƙowa gaisuwa. Ta faɗa ne don a yi dariya, kuma an yi, sai dai hawaye ya biyo bayan tata. Suleiman ya yi tasa da gefen baki ɗaya.

Madam Esta ta matsa ta miƙa masa igiyar. Ba ta yi tunani ba, wajen hannun dama ta miƙa, hannun da ta saba gani da wuƙa. Hannun bai motsa ba. Su ukun suka tsaya suna kallonsa.

"Kin makara," in ji Suleiman. "Wannan ya riga ki ritaya."

Ba ta janye ba, don ba ta san inda za ta kai igiyar ba in ta janye. Ya daɗe yana kallon akuyar. Sannan ya ɗago hannun hagu ya ƙetaro da shi, ya kama igiyar ya naɗe ta a yatsu. Ya ce Zaid zai zo daga Yola kafin lokacin, shi zai yanka, shi kuma zai zauna a kansa ya ga ya yi daidai. Ya ce amma wannan akuya duk ƙafa ce, wa ya zaɓa mata? Ta ce ita ce. Ya ce ai ya sani, idon Tobiya ta gada, mutumin da bai taɓa sayen akuyar kirki ba.

Wayarta ta yi ƙara. Saliha ta ce ta ɗauka mana, ta koma ciki ɗauko tabarma.

"Mama, kin ce za ki kira. Ina kike? Kukan akuya nake ji."

"Ina gidan Baban Zaid. Ki ajiye bargon nan, Jennifer, bana a nan zan yi Kirsimeti. Akwai aiki a gidan nan."

Jennifer ta ce to a ba ta Baba ta gaishe shi. Madam Esta ta miƙa masa wayar, ta ga hannunsa ɗaya ne kuma yana riƙe da igiya. Ta durƙusa a gefen kujerar ta kara masa ita a kunne. Tana jin muryar 'yarta siririya daga ciki, tana tambayarsa yaya gida, yaya jiki.

"Lafiya lau, 'yata," in ji Suleiman. "Lafiya lau."